Malam Maman Barka da Biram: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan kun yi wayo a zamanin kaset, da wuya a ce ba ku taɓa jin muryar Malam Maman Barka ba, ko a gidan rediyon Voix du Sahel, ko a rumfar mai sayar da kaset ranar kasuwa. Yawancin mutanen Baleyara da Filinge da sauran ƙasar Kurfai da gurumi suka san shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne malamin makaranta ne kafin ya zama makaɗi, kuma bayan ya yi suna ya koma ɗalibi, ya gurfana gaban wani dattijo a bakin Tafkin Chadi don kada wani abin kiɗa mai suna biram ya ɓace. Ga amsoshin tambayoyin da za ku so yi a kansa, da dalilin da ya sa labarin ya shafe mu.

Wane ne Malam Maman Barka?

An haife shi a ƙarshen shekarun 1950 a Tesker, can arewa da Gure a jihar Damagaram, inda ƙasar makiyaya ke haɗuwa da sahara. Batube ne, wato ɗan ƙabilar Tubawa, masu kiwon raƙuma da ke zaune a gabashin Nijar da arewacin Chadi da kudancin Libiya. Ya yi karatun boko, ya fito malamin lakwal, ya koyar da yara a aji. Daga nan ne sunan Malam ya bi shi har cikin waƙa.

Yana koyarwa yana kaɗa gurumi, har waƙoƙinsa suka bazu a Nijar da arewacin Najeriya. Yana waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci, daga baya ya ƙara da harshen Buduma. Waƙoƙinsa sun fi karkata ga zaman duniya: soyayya, halin mutane, wahalar talaka, da nasiha cikin raha. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018, yana da shekara sittin ko kusa da haka.

Me ya sa ake mamakin malamin lakwal ya riƙi gurumi?

Domin a ƙasashenmu kiɗa gado ne. A wajen Hausawa akwai gidajen makaɗa da maroƙa, ɗa ya tashi ya tarar da ganga a ɗakin ubansa. A wajen Zabarmawa ma akwai masu wannan gadon, su ne ke riƙe da tarihin sarakuna da jarumai. Tubawa sun fi tsanantawa: fita bainar jama'a a yi kiɗa da waƙa aikin zuriyar maƙera ne, namijin da ba daga cikinsu ya fito ba yakan ji kunyar yin haka.

Saboda haka mutumin da ke da albashin gwamnati da mutuncin malanta, in ya ɗauki gurumi ya hau dandali, dole a yi magana. Sai dai zamanin ya taimake shi. A mulkin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu da ke nan ƙasar Filinge, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, ana shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Malaman makaranta da yawa sun shiga harkar, suna tsara waƙa suna horar da matasa. Wannan ya rage ƙyamar da ake yi wa ɗan boko mai waƙa, ko da bai kawar da ita duka ba.

Mene ne gurumi, kuma da me ya bambanta da molo da goge?

Duk kayan kiɗa ne masu tsirkiya, wato zaren da ake ɗaurewa tamau a taɓa shi ya yi ƙara. Ana samun ƙoƙo ko itacen da aka fafe, a rufe bakinsa da fata, a soka sanda ta zama wuya, a ja tsirkiya daga gindi zuwa wuyan.

Gurumin da Malam Maman Barka ya yi suna da shi tsirkiya biyu gare shi. Molo, wanda kuka sani a hannun makaɗan Zabarmawa da na Hausawa, yawanci uku gare shi, cikinsa kuma dogo ne na itace. Kuntigi ƙarami ne mai tsirkiya ɗaya, irin wanda Ɗan Maraya Jos ya riƙe. Shi goge ba da yatsa ake taɓa shi ba, goga shi ake yi da ɗan baka mai izgar doki.

Ku lura da hannun mai gurumi in kun samu dama. Hannun dama na fizgar tsirkiya kusa da ƙoƙo, wani lokaci yana ɗan bugun fatar don ya ba da amon ganga. Hannun hagu na kan wuya, yatsu na danne tsirkiyar suna saki. In ya danne ta kusa da ƙoƙo, ɓangaren da ke rawa ya gajarta, sai murya ta yi siriri. In ya sake ta duka, murya ta yi kauri. Kafin ya fara kuma za ku ga yana tura ƴan ƙullin fatar da suka riƙe tsirkiya a wuya, yana ja yana saurare, har amon ya zauna daidai da maƙogwaronsa. Da damina fatar takan saki saboda laima, sai ya kara ta kusa da wuta ko ya shanya ta a rana ta ɗame.

To, shi biram fa?

Biram abin kiɗan Buduma ne, mutanen tsibiran Tafkin Chadi, waɗanda ke kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyaya, su ne masu shanun nan na kuri masu manyan ƙahoni, da jiragen ruwa na ciyawar tafki da ake ɗaurewa dami-dami.

Cikin biram dogo ne, an sassaƙa shi da siffar kwalekwale, an rufe shi da fata. Daga goshinsa wuya ya fito ya lanƙwasa sama. Tsirkiya biyar gare shi, kowace ta taso daga cikin ta kama wuyan, wata ta fi wata tsawo. Ya fi gurumi girma nesa ba kusa ba, don haka a ƙasa ake ajiye shi, makaɗi ya zauna ya kaɗa.

Ga babban bambancinsa da gurumi: ba a danne tsirkiyar biram a kan wuya. Kowace tsirkiya muryarta ɗaya, doguwa ta ba da kauri, gajera ta ba da siriri. Murya biyar ke nan kacal, gwaninta kuwa tana wajen yadda yatsu ke jera su, suna maimaitawa suna juyawa a ƙarƙashin waƙa. Saboda girman cikinsa da tsawon tsirkiyoyinsa, amonsa na da zurfi, ya fi na gurumi kauri sosai.

A al'adar Buduma ba abin wasan yara ba ne. Sun ɗauke shi abu mai alfarma wanda iskokin tafki ke tsaro, kuma ba kowa ke taɓa shi ba sai wanda wani gwani ya yarda da shi ya koya masa. Waƙoƙinsa na magana a kan kakanni da jarumai, da tafkin da abin da ke cikinsa.

Me ya sa ya kusa ɓacewa?

Dalilai sun haɗu. Na farko, tafkin kansa ya janye. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, ya ragu zuwa abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, ɓangaren Nijar ma ya yi shekaru a bushe. Garin Gigimi da ke bakin ruwa ya wayi gari ruwan ya yi masa nisa. Mutane suka watse neman abinci, zaman hira da taron da ake kaɗa biram a cikinsa suka ragu.

Na biyu, rediyo da kaset sun kawo wa matasa kiɗan wasu wurare, suka ga na gida tsohon yayi ne. Na uku, sharaɗin koyonsa da kansa ya taƙaita masu iya shi: abin da sai an zaɓe ka za a koya maka, in masu neman koyo suka ƙare, ya tsaya a hannun tsofaffi. Da aka shiga shekarun 2000, dattijo ɗaya ake ambata a matsayin gwanin da ya rage a Nijar, sunansa Bukar Tar.

Ta yaya Malam Maman Barka ya koye shi?

A 2002 ya samu tallafin karatu daga UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu. Ya bar Yamai ya nufi yankin tafkin, tafiyar da ta haura kilomita 1,300, ya je wajen Bukar Tar.

Ku dubi matsayinsa a lokacin. Ya haura shekara arba'in, sunansa ya kai ko'ina, shi ba Buduma ba ne, harshen ma ba nasa ba. Duk da haka ya zauna a matsayin almajiri. Gemu ba ya hana ilimi, in ji Hausawa. Irin wannan karatu ba shi da littafi ko allo. Malami ya kaɗa, ɗalibi ya saurara, ya gwada, a gyara masa yatsa, ya sake. Ba kiɗan kaɗai ake koya ba: akwai kalmomin waƙa da ma'anarsu, da sanin wace waƙa ake yi wa wa, da ladubban riƙe abin kiɗan. Dattijon ya amince da shi, ya koya masa, ya kuma damƙa masa biram. Bayan wasu shekaru Bukar Tar ya rasu. Da tafiyar ta yi jinkiri kaɗan, da sai dai a ga biram a rataye a gidan tarihi, babu mai iya sa shi magana.

Ina ya kai biram bayan nan?

Ya fito da shi daga tsibiran tafki zuwa dandalin Yamai, sannan zuwa ƙasashen waje. Abokin tafiyarsa shi ne Umaru Adamu, gwanin kiɗan kalangu da duma da ƙwarya. A 2008 sun yi wasa a Ingila a bikin WOMAD, babban taron da ke haɗa makaɗan duniya. A 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansu mai suna Introducing Mamane Barka, wanda ya sa mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba suka ji amon biram.

Wani zai ce, abin da aka ce mai alfarma ne, ya dace a kai shi gaban baƙi? Tambaya ce mai kyau, kuma masu kishin al'ada sun daɗe suna muhawara a kan irinta. Amma ku auna zaɓin da ke gabansa: ko abin ya fita ya samu masu saurare da masu koyo, ko ya bi mai shi kabari. Rikicin Boko Haram da ya afka wa jihar Difa tun 2015, ya raba dubban mutanen tsibiran da gidajensu, ya ƙara nuna amfanin abin da aka riga aka naɗa aka adana.

A ina ya ci gaba da koyarwa?

Bai bar malanta ba, fannin kawai ya canza. Ya yi aiki a cibiyar horar da makaɗa ta Yamai da aka fi sani da CFPM, wadda aka buɗe a 1989 aka sa mata sunan marigayi Elhaji Taya, ɗaya daga cikin jagororin kiɗan zamani a Nijar. A cibiyar ana koyar da kiɗa, ƙungiyoyi na yin atisaye, akwai kuma ɗakin da aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar.

Haka kuma shi da Umaru Adamu sun haɗu da wasu makaɗan ƙungiyar Etran Finatawa, ta Buzaye da Fulanin Wodaɓe, suka zaga makarantu a cikin Nijar. Suna nuna wa yara kayan kiɗa, suna faɗa masu sunayensu, suna ba su su taɓa. Dabarar malamin aji ce: yaron da ya riƙe abu da hannunsa ba ya saurin mantawa da shi.

Me ya haɗa wannan da kiɗan zamani irin su jaz?

Jaz kiɗa ne da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙira a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Alamarsa ita ce makaɗi na ƙago sabon salo nan take yana cikin wasa, sauran na amsa masa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku, haka mai kalangu da mawaƙi ke yi a gidan biki. Masana sun nuna cewa banjo, wanda aka yi amfani da shi a farkon jaz, ya samo asali ne daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma masu ƙoƙo da fata, dangin su gurumi da molo.

A ƙungiyar jaz akwai wani ƙaton abin kiɗa mai tsirkiya huɗu da ake kira bas, tsayinsa ya kai na mutum, a tsaye ake kaɗa shi. Akwai kuma na lantarki mai siffar gita. Aikin bas shi ne ba da murya mafi kauri da riƙe taki, wato ma'aunin saurin kiɗa. Kamar dirkar rumfa yake: ba ita ake kallo ba, amma in aka zare ta komai ya zube. Wanda ya saurari biram zai ji yana yin irin wannan aiki a ƙarƙashin muryar mawaƙi.

A Nijar, ƙungiyar Mamar Kassey da Yakuba Mumuni mai sarewa ya jagoranta tun 1995, wadda ta taso daga CFPM, ta haɗa molo da kalangu da ƙwarya da gita da bas na lantarki a kiɗa ɗaya. Wannan ya nuna na gargajiya da na zamani ba kishiyoyi ba ne. Kuma a jaz ɗin ma, duk da makarantun da ake da su yau a Amurka da Turai da Rasha, manyan gwanaye da yawa a gefen wani babba suka koya, suna saurare suna kwaikwayo.

Mu da ke Baleyara da Filinge, ina ruwanmu?

Muna da ruwa da tsaki ma a ciki. Kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi na haɗa Zabarmawa da Hausawa da Buzaye da Fulani, kuma kowace al'umma na da kiɗanta: molo da goge, gangar noma da ta kokowa, sarewar makiyaya, tende na matan Buzaye da imzad, gogen da mata ke kaɗawa. Shi imzad har UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon al'adun duniya a 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya.

Ku yi wa kanku wannan lissafi. A garinku, mutum nawa suka iya goge ko molo da gaske? Shekarunsu nawa? Wa ke koyo a wajensu? A bukukuwa da yawa yanzu lasifika da waƙoƙin da ke cikin waya sun maye gurbin makaɗi, don sun fi araha. Samari na tafiya ci-rani Yamai ko Kwatano ko Legas. Rashin tsaro a jihar Tillaberi ya rage taron dare a wurare da dama. In makaɗi ya rasu bai bar ɗalibi ba, ba kiɗa kaɗai aka rasa ba. An rasa kirarin gidaje, da jerin sunayen kakanni, da labarin yunwa da yaƙi da ƙaura wanda ba a rubuta a ko'ina ba.

Akwai masu guje wa kiɗa saboda addini, malamai kuma sun yi bayani mabambanta a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Wannan kowa ya tambayi malaminsa. Amma ko wanda ba ya sauraren kiɗa zai iya amfana da tarihin da ke bakin waɗannan tsofaffi, in an rubuta shi.

Nawa ake kashewa wajen koyo?

Kayan aikin ba su da tsada. Ƙoƙo, fatar akuya, sanda, da zaren roba irin na masunta, wanda makaɗa da yawa ke sawa a matsayin tsirkiya yau, duk ana samunsu a kasuwa. Wanda ya iya haɗawa zai haɗa maku gurumi ko kuntigi da kuɗi kaɗan. Gita da bas na lantarki ne masu tsada, don daga waje ake kawo su, kuma suna bukatar lasifika da wuta.

Tsadar gaske tana wajen lokaci. Yatsu sai sun yi kanta, kunne sai ya saba, kuma wannan aikin shekaru ne. A gargajiyance ɗalibi ba kuɗin wata yake biya ba: yana yi wa malaminsa hidima, ya ɗaukar masa kaya zuwa wajen biki, ya yi masa amshi, ya kawo goro da ɗan abin da ya samu. Mai son karatun cibiya kuma sai ya yi lissafin kuɗin mota zuwa Yamai, kusan kilomita 100 daga Baleyara, da masauki da abinci, ya kuma je da kansa ya tambayi sharuɗɗan shiga.

Kada kuma a ruɗe ku: ƙalilan ne ke rayuwa da kiɗa kaɗai. Shi kansa Malam Maman Barka da sana'ar malanta ya fara. Yaron da ke son kiɗa, a bar shi ya koya, amma kada ya saki karatu ko sana'a.

Me za ku iya yi tun yanzu?

Idan akwai tsohon makaɗi a danginku ko unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku nemi izininsa ku naɗi kiɗansa da wayarku. Kada ku tsaya ga waƙa kaɗai. Ku tambaye shi wa ya koya masa, wa aka yi wa kowace waƙa, da yadda ake haɗa abin kiɗan. Ku rubuta sunansa da garinsa da ranar da kuka naɗa, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya, don waya na ɓata ko ta lalace. Kada ku watsa a WhatsApp ko Facebook sai ya yarda, kuma in abin ya kai ga sayarwa, akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, a Yamai.

Idan ku malaman makaranta ne, ku gayyaci makaɗi ya zo aji ko sau ɗaya a shekara, yara su ga goge da molo da idonsu. Rediyon gari ma zai iya ware masu lokaci. Idan kuna da biki, ku kira makaɗin gida ku sallame shi da kyau, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba ta samun magaji. In kuma wani yaro ya nuna sha'awa, ko da ba ɗan gidan makaɗa ba ne, ku kai shi wajen gwani tun gwanin na da ƙarfin koyarwa. Bukar Tar ɗalibi ɗaya ya samu a kan lokaci, Batube daga Tesker, kuma shi ya sa har yau ake jin biram.